Ni yake so ko dungulmin ƙafata?

Mai_Kula_da_Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar uwa ce ta turo min wannan ta akwatin sirri, ta ce a ɓoye sunanta. Don Allah a ba ta shawara cikin mutunci. Wanda ya yi zagi ko izgili zan goge maganarsa.

"Ni 'yar cikin garin Gombe ce, shekarata 26. Yau shekara bakwai ke nan da aka yanke min ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Acaɓa ne ya zubar da ni a hanyar Tumfure, aka kai ni wurin mai ɗori, ya ɗaure ƙafar tamau. Kwana shida ina ihu ana cewa in yi haƙuri, haka ɗori yake. Ranar da aka kwance, ƙafa ta riga ta yi baƙi har tana wari. Da aka je asibiti likita ya ce ko ƙafa ko rai. Na karɓi ƙaddarata, na koma makaranta na gama, yanzu ina koyarwa a wata firamare.

Samari sun zo, ba ɗaya ba ba biyu ba, amma da zarar mutum ya gane ƙafar roba ce a ƙarƙashin zani, shi ke nan ba zan sake ganinsa ba. Wata takwas da suka wuce wani ya fito. Ma'aikaci ne, ba ya wasa da salla, Bappana ya bincika asalinsa bai samu abin ƙi ba. Har an fara maganar a turo magabata bayan Babbar Salla.

Abin da ya dame ni shi ne, duk ranar da na fito zance da ƙafar roba sai in ga walwalarsa ta ragu. Ya ce ya fi so in fito da sanduna. Sau biyu yana roƙona in ɗauki hoton dungulmin in tura masa, na ƙi. Tambayoyinsa kullum a kan wurin suke: yaya nake ji in na taɓa shi, yaya nake wanka, yaya nake juyi a kwance. Daga baya wata ƙawata ta gaya min yarinyar da ya nema kafin ni mai shan inna ce.

Makon jiya kuma ya faɗa min abin da ya hana ni barci. Wai tun yana ɗan shekara takwas yake jin ƙafarsa ta hagu, daga saman gwiwa zuwa ƙasa, ba tasa ba ce. In yana ɗaki shi kaɗai yakan naɗe ta baya ya ɗaure da ɗankwali ya riƙa tafiya da sanda, sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Ya ce in ya kalle ni ji yake da ma shi ne. Yana faɗa yana kuka, ya ce duk duniya ni kaɗai ya taɓa gaya wa.

Jama'a, wannan so ne, ko ciwo ne, ko sihiri? Ni yake so ko dungulmin? Ina sonsa, ba zan ɓoye ba."

Ummu_Khalil_Pantami:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar uwa ki yi ta kanki. Mai neman hoton wurin da aka yanke, wa ya san inda zai kai shi? Masu tsafi irinku suke bi, ku da zabiya da masu ƙusumbi. Ruwa ba ya tsami banza.

Hamma_Sale:
Shafar aljanu ce wannan, ba wani abu ba. Mutum mai cikakken hankali ba zai kalli ƙafarsa lafiyayya ya ce ba tasa ba ce. A kai shi a yi masa ruƙiya kafin a yi maganar aure.

Maman_Afnan:
Ni dai tausayi ya ba ni. Namiji ya zauna gabanki yana kuka ba ƙaramin abu ba ne.

ƊanKumo_Likita:
Salamu alaikum. Ni likita ne, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta, don maganar ta fi ƙarfin layi biyu.

Abubuwa biyu ne a cikin labarin nan, kada a cakuɗa su. Na farko, mutum ya riƙa jin sha'awar mai nakasa saboda nakasar. Na biyu, mutum ya riƙa jin shi kansa ya kamata a ce yana da nakasar. Wani yana da na farko ba shi da na biyu. Saurayin nan, bisa bayaninta, ya haɗa duka.

Na biyun sananne ne a likitance, a taƙaice ana kiransa BIID. Wani masani a Amurka, John Money, shi da abokan aikinsa sun rubuta a kansa tun 1977, amma a lokacin sun ɗauke shi matsalar sha'awa ce kawai. A 2005 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Kolombiya, Michael First, ya fitar da sakamakon hirar da ya yi da mutum 52 masu wannan hali. Kusan dukansu maza ne, mafi yawa tun suna yara abin ya fara, kuma wurin da aka fi ambata shi ne ƙafar hagu daga saman gwiwa. Ku sake karanta abin da 'yar uwarmu ta rubuta: shekara takwas, ƙafar hagu, saman gwiwa. Kuma yawancinsu sun ce suna jin sha'awar waɗanda aka yanke wa gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ciwon cikin kundinta na cututtuka, ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022.

Yadda za a gane shi cikin sauƙi: ƙwaƙwalwa tana riƙe da taswirar jiki. 'Yar uwarmu za ta shaide ni, bayan an yanke ƙafa mutum yakan ji yatsun da babu su suna ƙaiƙayi ko zugi, saboda ƙafar ta tafi amma tana nan a taswira. To ku juya abin. Ƙafa tana nan a jiki, tana ji tana motsi, amma taswira ba ta karɓe ta ba. A 2011 Ramachandran da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego sun gwada wasu 'yan ƙalilan masu ciwon, suka ga wani sashe a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ba ya amsawa yadda ya kamata in an taɓa gaɓar da suke ƙi. Ko a ɗakin marasa lafiya namu, wani mai shanyewar ɓarin jiki yakan nuna hannunsa na hagu ya ce a ɗauke masa hannun wani da aka ajiye a gadonsa.

Ba hauka ba ne irin na yaga riga. Mutumin ya san ƙafar lafiyarta ƙalau, ya san abin da yake ji baƙon abu ne, shi ya sa yake ɓoyewa. Hatsarin shi ne wasu in abin ya matsa musu sukan yi wa kansu lahani, har a rasa rai. Don haka yana bukatar ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko da aure ko babu.

Garba_Mai_Walda:
Likita ka yi haƙuri, amma jinina tafasa yake. Ni shan inna ce ta kama ni ina shekara uku. Shekara arba'in da ɗoriya ina jan jiki a ƙasar Gombe. In damina ta sauka, ruwan kwata nake ratsawa da hannuwana, da silifa a tafin hannu. In rani ne kwalta ta ƙona ni. Na je banki na tarar da matakala shida, na zauna a ƙasa ina jiran wanda zai ɗaga ni kamar buhun masara. Na je neman aure gida huɗu, ana cewa wa zai ba gurgu 'ya. Yanzu kekunan guragu nake ƙerawa, kuma duk wanda ya zo saye na san abin da ya baro a gida. Sannan wani ya zo da ƙafa biyu garau, ya ɗaure ɗaya a ɗaki na rabin awa, in ya gaji ya kwance ya hau mashin ɗinsa ya tafi ofis, ya ce da ma shi ne? Wannan ƙoshi ne. Wallahi ƙoshi ne. Da zan iya da na ce ya ba ni tasa in ba shi tawa.

Hamma_Sale:
Ka faɗi gaskiya Malam Garba. Lafiya uwar jiki. Kuma Turawa komai sai sun raɗa masa suna don ya zama halal.

ƊanKumo_Likita:
Malam Garba, ba ni da bakin da zan ce kada ka ji haushi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abu ɗaya kawai zan ƙara: ba shi ya zaɓa ba. Yaro ɗan shekara takwas bai san ƙoshi ba, bai san Turawa ba. Hamma Sale, sanya wa ciwo suna ba halatta shi ba ne. Farfaɗiya ma da can bugun aljani muke cewa, yau ga yara suna shan magani suna zuwa makaranta. A yi addu'a, a kuma ga likita, ba sa karo da juna.

Adda_Rabi_Jekadafari:
Ƙanwata, ni hannun hagu na rasa, injin niƙa ya ja mayafina ya haɗa da hannun, shekara goma sha ɗaya ke nan. Bari in ba ki nawa labarin don ki san ba ke kaɗai ba ce.

Akwai lokacin da na sa hotona a Facebook wurin wani taron mata, dungulmin ya ɗan fito daga hannun riga. Cikin mako guda maza uku da ban sani ba suka turo min saƙo, biyu fararen fata ne, ɗaya ɗan ƙasar nan. Babu wanda ya tambayi sana'ata ko 'ya'yana. Ɗaya ya ce zai turo min daloli in ɗauki bidiyo ina shafa wa wurin mai. Na toshe su duka. Daga baya wata ƙawata mai keken guragu ta gaya min ita ma haka, har ta taɓa ganin hotonta a wani shafi da ba ta san da shi ba, an tara hotunan mata irinmu ana ta sharhi.

To hoto dai kada ki tura, ko an ɗaura aure ban ce ki tura ba. Waya tana ɓata, zuciya tana canzawa.

Amma ba zan ce miki ki gudu ba. Mu da aka saba kawar da kai daga gare mu, ranar da wani ya kalli wurin bai yamutsa fuska ba, wani irin sanyi ake ji a rai wanda masu gaɓoɓi cikakku ba za su gane ba. Na san abin da ya riƙe ki. Abin da ya tsaya min a labarinki shi ne maganar roba. Robar nan ita ke kai ki aji, ita ke ba ki damar riƙe alli da hannu ɗaya littafi da ɗaya. Mai son ki ajiye ta don idonsa ya ji daɗi, jin daɗinsa ya sa a gaba, ba naki ba.

Ummu_Khalil_Pantami:
To kun ji. Ba na faɗa ba? Adda Rabi ai maganata kika tabbatar.

Adda_Rabi_Jekadafari:
A'a Ummu Khalil, ke tsafi kika ce. Waɗanda suka turo min saƙo ba tsafi ya kawo su ba, sha'awa ce. Kowanne da irin maganinsa.

Abu_Hanif_Bajoga:
Ina so in yi magana a matsayin mijin gurguwa, kuma da gangan na faɗi kalmar, don ita ma haka take faɗa. Shekararmu 14 da aure, 'ya'ya biyar. Ranar da na fara ganinta a gidan biki a Nafaɗa tana ɗingishi da sandarta, tafiyar ce ta fara jan hankalina. Ba tausayi ba, burge ni ta yi. Har yau in na ji ƙarar sandar a tsakar gida raina fari yake yi. 'Yan uwana sun ce asiri aka yi min. Wata goggona ta ce lada nake nema. Babu wanda ya yarda cewa kawai kyau ta yi min.

Abin da nake tambaya: wani yana son doguwa, wani mai wushirya, wani mai jiki, ba wanda ya ce a kai su asibiti. Don me in aka ce mutum yana son mai nakasa sai a fara neman dalili? Ashe a zuciyarmu mun riga mun yanke cewa ba abin so ba ce ke nan.

Maman_Afnan:
Allah ya ƙara danƙon ƙauna Abu Hanif. Wannan magana ta shige ni.

Adda_Rabi_Jekadafari:
Abu Hanif, tambaya ɗaya. Da a ce gobe an samu aikin da zai miƙar da ƙafar Maman yara ta ajiye sanda, za ka biya kuɗin?

Abu_Hanif_Bajoga:
Har gonata zan sayar, Adda. Mun ma taɓa zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, suka ce wahalar aikin ta fi amfaninsa a shekarunta.

Adda_Rabi_Jekadafari:
To ka ga bambancinka da wanda yake ɓata rai don an sa roba.

Malam_Isa_Herwagana:
Bismillah. Ta fuskar shari'a, auren mai nakasa da sonta babu komai a ciki sai alheri. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci tare da Bilal, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin sa a kan Madina in zai fita. Amru ɗan Jamuh gurgu ne, ya yi shahada a Uhudu. Urwatu ɗan Zubair, ɗaya daga manyan malaman Madina, ƙafarsa ta ruɓe aka yanke ta a Dimashƙa zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, ya gode wa Allah da ya ba shi gaɓoɓi huɗu ya karɓi ɗaya ya bar masa uku. 'Yar uwa, kina da magabata na gari a cikin wannan jarrabawa.

Shi kuwa yanke lafiyayyar gaɓa haramun ne. Jiki amana ne ba mallaka ba. Canza halittar Allah yana cikin abin da Shaiɗan ya yi alkawarin umartar mutane da shi a Suratun Nisa'i aya ta 119, kuma a Baƙara aya ta 195 an hana mu jefa kanmu cikin halaka. Amma a bambance tsakanin aikatawa da abin da ke kai-kawo a zuciya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ba ko a furta. Furucin da mutum ya yi don neman mafita ba shi ake nufi ba, kamar marar lafiya ne yake gaya wa mai magani inda ke masa ciwo. Saurayin nan da ya yi shekara ashirin ko fiye yana danne abin bai cutar da kansa ba, ina yi masa zaton lada, ba zunubi ba. Kuma da ya faɗa mata kafin aure, ya fita daga yaudara.

Sadiq_Ɗan_Jami'a:
Malam, to in likitoci suka ce babu magani sai yankewar fa? Don na karanta an taɓa yi. Wani likitan tiyata a Sikotilan, Robert Smith, ya yanke wa mutum biyu lafiyayyun ƙafafu a asibitin garin Falkirk, ɗaya a 1997 ɗaya a 1999. Da labari ya fito a 2000 hukumar asibitin ta hana shi ci gaba. Mutanen kuma sun ce sun samu sauƙi.

ƊanKumo_Likita:
Haka aka yi Sadiq. Kuma a binciken First ma, 'yan kaɗan da suka riga suka rasa gaɓar sun ce damuwar ta tafi, yayin da magani da zaman tattaunawa ba su goge sha'awar ba. Ba zan ɓoye wannan ba. Amma abin da zama da likita yake yi shi ne rage ƙunci da baƙin ciki, da koya wa mutum zama da abin ba tare da ya illata kansa ba, wannan kuwa ba kaɗan ba ne. Ni dai ba zan sa wuƙa a lafiyayyar ƙafa ba. Wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin tiyata aka yanke wa yaro ɗan shekara tara hannu saboda ɗaurin ɗori, ya ga uwar a bakin ƙofa, ba zai yi ba.

Goggo_Hajara:
Yawwa, ku tsaya a nan. Duk kun bi saurayi kun bar abin da ya cinye ƙafar yarinya. Har yaushe za mu daina kai karaya wurin masu ɗori? Jikana a Dukku saura ƙiris, Allah ya sa uwarsa ta ga yatsu sun yi sanyi sun canza launi ta kwance da kanta cikin dare.

Hamma_Sale:
Goggo ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai gidajen da suka gaji ɗori kaka da kakanni. Kuma talaka ina ya ga kuɗin hoto da na ƙarfen da za a sa masa?

ƊanKumo_Likita:
Goggo ta faɗi alamomin daidai. Duk ɗaurin da aka yi, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko zugi ya ƙi lafawa, ko mutum ya daina jin su, a kwance nan take a nufi asibiti. Awoyi ne tsakanin ceto da yankewa, ba kwanaki ba.

Mu'azu_Makaho:
Wayata ce take karanta min maganganunku, na saurara tun daga farko. Malam Garba, ni abin da ya fi ci min rai ba irin saurayin nan ba ne, shi a ɗakinsa yake yi bai karɓi sisin kowa ba. Masu rufe ido da baƙin tabarau su tsaya a bakin Babbar Kasuwa ranar Juma'a, yaro yana jan su, da magariba su cire su tafi gida, su ne suka ɓata mu. Saboda su in na shiga shago da kuɗina a aljihu sai a ce min Allah ya ba da haƙuri kafin in buɗe baki. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta fakewa da nakasa don bara, ta kuma ware mana kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ina aka ga ko ɗaya a ƙasa?

Sadiq_Ɗan_Jami'a:
Don Allah a riƙa cewa masu bukata ta musamman. Gurgu da makaho kalmomi ne masu zafi.

Mu'azu_Makaho:
Sadiq na gode da kulawa, amma ni makaho ne, muna da Sarkin Makafi, ba mu taɓa jin kunyar sunan ba. Ba kalmar ke da zafi ba, muryar da aka faɗe ta da ita ce.

Baƙo_2291:
Na buɗe wannan suna yau don in rubuta wannan kawai. Ina da mata da 'ya'ya uku, ina aiki a Bauchi, shekarata 44. Abin da saurayin nan ya faɗa, kamar daga bakina ya ɗauka. Nawa ma ƙafar hagu ce. Zan iya ɗaukar biro in zana muku daidai inda tawa ta ƙare, yatsa huɗu sama da gwiwa, layin bai taɓa matsawa ba tun ina aji uku a firamare. A unguwarmu akwai wani tsohon soja mai ƙafa ɗaya, yara suna tsoronsa, ni kuwa in na gan shi sai in ji kamar na ga yadda ya kamata in kasance.

An yi min ruƙiya sau uku ban faɗi ainihin dalili ba, na ce mafarkai ne. Na yi azumi, na roƙi Allah a gaban Ka'aba ya cire min. Yakan lafa wata biyu ko uku in aiki ya yi yawa, sai ya dawo. Matata ba ta sani ba, shekara 17.

Malam Garba, na karanta maganarka sau huɗu. Duk abin da ka faɗa na faɗa wa kaina fiye da haka. In na wuce mai jan jiki a titi kunya ce take kama ni har in kasa haɗa ido da shi. Ban ce wahalata ta kai taka ba, ba ta kai ba. Amma ba ƙoshi ba ne. Yau ce rana ta farko da na ji cewa abin yana da suna kuma akwai wasu. Ina ofis na shiga bayi na yi kuka.

Ga 'yar uwa: shi ya fi ni jarumta, ya faɗa. Amma ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yunƙurin yi wa ƙafar wani abu. Kada ki ji nauyi.

Garba_Mai_Walda:
Baƙo, ban san me zan ce maka ba. Haushin bai tafi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma mutumin da ya kai kukansa Ka'aba ba wasa yake ba. Na janye kalmar ƙoshi a kanka. Allah ya yaye maka. Ka riƙe ƙafarka, don Allah ka riƙe ta.

ƊanKumo_Likita:
Baƙo, ka duba akwatinka na turo maka saƙo. Asibitin koyarwa na Bauchi da na tarayya da ke nan Gombe duk suna da sashen ƙwaƙwalwa, kuma abin da ka faɗa wa likita sirri ne. In kana gudun idon sani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri.

Ummu_Khalil_Pantami:
Ni fa har yanzu hankalina bai kwanta ba. Ko ciwo ne ko mene ne, yarinya ta sha wahalarta, me zai sa ta ɗauki wata? Gobe a wayi gari ya yi wa kansa illa, gida ɗaya mutum biyu ba ƙafa, wa zai ɗauki wani?

Abu_Hanif_Bajoga:
Haka aka ce min lokacin aurena, wa zai ɗebo ruwa, wa zai goyi yaro. Kowane aure da abin da ake tsoro a cikinsa.

Ummu_Khalil_Pantami:
Kai ba ka ce kana so a yanke taka ba, Abu Hanif. Kada a haɗa.

Mai_Kula_da_Zaure:
Mai tambaya ta sake turo saƙo:

"Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Likita, gaskiya ne, har yau in sanyi ya shigo ina jin babban yatsan da babu shi yana min zugi. Da ka juya misalin sai na ji na ɗan gane shi, tsoron da nake ji ya ragu.

Jiya ya zo. Na yi masa tambayar Baƙo. Ya yi shiru, sannan ya ce sau ɗaya, yana aji biyar na sakandare, amma ya fasa, kuma tun daga nan bai sake ba. Na yi masa ta Adda Rabi, na ce da Allah zai mayar min da ƙafata gobe zai ci gaba da zuwa? Ya ce zai zo. Amma ya daɗe kafin ya amsa, kuma jinkirin ya tsaya min a rai. Na ce masa maganar hoto ta mutu, ya ce ya ji, ya ba ni haƙuri. Na ce ba za a turo kowa gidanmu ba sai ya ga likita. Ya yarda, amma ya ce sai dai in raka shi, ba zai iya buɗe baki shi kaɗai ba. Mun sa ranar Talata, ƙanena zai bi mu.

Wani abu kuma da ban faɗa ba da farko. Shi ne mutum na farko da ya lura robar tana goge min fata har tana ciwo, ya kuma biya aka gyara min bakinta. Shi ya sa na rasa inda zan ajiye shi."

Goggo_Hajara:
'Yata, Bappanki fa? Maganar nan ba ta yara ba ce. Ki faɗa masa tun kafin a karɓi goron kowa.

Malam_Isa_Herwagana:
Goggo, sirri ne ya ba ta amana. Ta fara neman izininsa, ko shi ya faɗa da bakinsa. Kuma ta yi istihara.

Goggo_Hajara:
Malam, amanar saurayi ta fi haƙƙin wanda ya riƙe ta tun rasuwar ubanta? In abu ya ɓaci gobe wa za a kira?

Maman_Afnan:
Goggo ina kika san ubanta ya rasu?

Goggo_Hajara:
Yarinyar da ta ce Bappa ne ya yi bincike, ai ta faɗa.

Mai_Kula_da_Zaure:
Amsarta: "Goggo ta canka, Allah ya jiƙan Baba. In na faɗa wa Bappa yau, maganar ta mutu yau, na san halinsa. Ina so in ji abin da likita zai ce tukuna. Ba ɓoyewa zan yi har abada ba."

Adda_Rabi_Jekadafari:
Ƙanwata, ranar Talatar, da roba za ki fita ko da sanduna?

Mai_Kula_da_Zaure:
Ta ce: "Da roba, Adda. Daga asibitin, makaranta zan wuce, ina da darasi ƙarfe goma sha ɗaya. Na riga na gaya masa."